Gishiri a Gonar Marit

Kakana ya sayar da abin da bai taɓa gani ba.
Shekarar fari ce, shanu sun koma ƙashi da fata,
wani mai farar hula ya ba shi kuɗin iri buhu goma.
Ya sa hannu, ya shigo gida yana dariya:
"Na sayar wa wawa duwatsun ƙarƙashin ƙasa."

Shekara saba'in takardar tana barci a akwatin hukuma.
Ran da ta farka ina cikin alkama,
nan Dakota ta Arewa, inda ido kan gaji kafin gona ta ƙare.
Yaro ne, takalminsa ko laka babu.
Ya ce, "Madam Tvedt, saman taki ce,
ƙarƙashin namu, kuma sai ta kanki za mu isa."
Na ce, to a ina saman ta tsaya?
Kamu nawa? Gaba nawa?
Saiwar alkamar ta wace ce?
Ya juya takardar baya, bai sami amsa.

Suka tsaga gonar biyu kamar kabewa.
Wutar gas ta tsaya a bakin bututu ba ta ƙiftawa,
zakarana ya rikice, yana cara da tsakar dare,
ni kuwa na manta kamannin taurarin bisa.

Sannan ruwan gishiri.
Bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙanƙara,
kwana goma sha ɗaya ba wanda ya sani.
Da sanyi ya ɗaga, eka huɗu fari fat.
Na haƙa da shebur, ko tana ɗaya babu.
Na durƙusa, na ɗanɗana da harshena.
Suka aiko cak, kuɗin amfanin shekara guda,
sai ka ce gishiri ya san lissafin shekara,
sai ka ce baƙo ne da zai kwana ya wuce abinsa.

Na cika kwalba da ƙasar, na kai ɗakin taron coci.
Delbert Kuntz ya zo da ruwan rijiyarsa mai wari,
Oline Rustad da hoton maruƙanta uku.
Waɗanda masifar ba ta kai gare su ba suna can baya.
Delbert ya ce musu, "Gemuna ya riga ya kama wuta,"
sai na ga kowa yana shafa nasa.

Ba mu ce kada a haƙa ba.
Ɗan ƙanwata a rijiyar yake cin abinci,
da harajin man aka rufe makarantar garinmu.
Cewa muka yi: a auna ruwa kafin ƙarfe ya taɓa ƙasa.
Hanya ta bi iyaka, ta bar tsakiyar gona.
A yaye baƙar ƙasar sama, a tara ta gefe
kamar rigar da aka karɓa aro.
Kuɗin gyara kuma a ajiye tun yau,
kafin kamfani ya sake suna
ya bar mana rami da tsatsa.

Mu talatin da biyu muka sa hannu a takarda guda.
Lauyansu ya zo sau uku.
Na farko da murmushi, na biyu da barazana,
na uku ya zauna, ya nemi kofi,
ya jawo kwalbar tawa ya ajiye a gabansa.

Wasu sharuɗɗan mun samu, wasu muna kan ja.
Eka huɗun nan har yanzu fari ne.
Bana dai wata ciyawa ta leƙo daga gefe,
mai taurin kai, ban san sunanta ba.
Jikata Signe ta kafa mata tsinke,
kowace Lahadi tana auna tsayinta da yatsa.

Ni kuma ina koya mata karanta ƙananan rubutu,
layi bayan layi, har can ƙasa,
wurin da kakana bai kai idonsa.